Waiwaye: Lokacin da ake alkafura a sama da maɓalli guda

Wanda ya kalli gasar ƙananan jiragen sama da ake sarrafawa daga ƙasa da rediyo a yau, ya ga jirgi mai fiffike kusan mita 2 yana zana da'ira a sararin sama sumul kamar an gwada da kwano, mai shi kuwa yana tsaye a ƙasa yana ɗan motsa yatsu, zai ɗauka haka abin ya taso. Ina! A farkon lamarin, jirgi ya tashi, ya juya inda aka ce masa, ya dawo ƙasa bai tarwatse ba, wannan kaɗai ya isa a ba mutum kofi.

A shekarar 1937 aka fara sa jiragen da ake sarrafawa da rediyo cikin gasar ƙasa ta Amurka, a birnin Detroit, kuma Chester Lanzo ne ya zo na ɗaya. Amma sunan da ya fi zama a bakin mutane shi ne na wasu tagwaye 'yan jihar Michigan, Walt da Bill Good. Sun raba aiki: Walt ya ƙera jirgi, Bill ya haɗa rediyo. Jirginsu mai suna Guff ya ci gasar a 1939 da 1940, yanzu haka yana ajiye a gidan tarihi na Smithsonian. A lokacin sai mai lasisin rediyo ke da ikon aika sigina, shi ya sa galibi ake tafiya bibbiyu, magini da masanin waya. Sai a farkon shekarun 1950 hukuma ta buɗe wasu tashoshi da ba sa buƙatar jarrabawa, jama'a suka shigo.

Abin da ke hannun matuƙi a wancan zamani maɓalli ne guda. A cikin jirgin akwai wata 'yar na'ura da ke aiki da roba da aka murɗe, ita ke karkata jelar jirgi. Ka danna sau ɗaya, ya yi dama. Ka danna sau biyu, ya yi hagu. Babu abin ɗaga hanci, babu na saukarwa. Idan murɗin robar ya ƙare jirgi na sama, to sai dai ka bi shi da ido, daga baya ka bi shi da ƙafa cikin gonakin mutane.

To da wannan ta yaya ake alkafura? Nan dabara take. Matuƙi zai danne maɓalli ya riƙe, jirgi ya karkace ya riƙa gangarowa yana juyi, gudu na ƙaruwa. Da ya ga gudun ya kai, sai ya saki. Jirgin da aka gina don ya riƙa hawa da kansa, ga gudu ya yi masa yawa, sai ya ɗaga hanci ya wuntsila ta baya, da'ira ta cika. Wanda ya yi jinkirin saki da ƙiftawar ido, sai ya je ya kwaso tarkacen balsa, itace marar nauyi da ake ƙera jirgin da shi, a buhu.

Tsakiyar shekarun 1950 na'ura mai harsunan ƙarfe ta yaɗu. Wasu siraran ƙarafa ne a jere cikin jirgi, kowanne da sautin da ke sa shi rawa. Matuƙi ya tura wani makunni, akwatinsa ya aika da sauti, harshen da sautin ya dace da shi ya girgiza ya haɗa wuta, ɗan injin lantarki ya ture jela ko gefen fiffike. Da wannan Howard Bonner ya ci gasar Amurka a 1956 da jirginsa Smog Hog. Ba a jima ba Fred Dunn ya fito da Astro Hog, wanda ya mai da fiffike ƙarƙashin jiki, ya kuma sa masa 'yan marafai a gefen fiffike masu mirgina jirgi. Bob Dunham, mai kamfanin rediyon Orbit, ya ci gasar 1958 da shi. Daga nan siffar jirgin gasa ta canja.

Sai dai harsunan ƙarfe ba su san tsaka-tsaki ba. Ko dai jela ta karkata gaba ɗaya, ko ta koma tsakiya. Alƙalai kuwa santsi suke nema: da'ira ta fita zagayayya, mirgine ya tafi a kan layi, kowane motsi a ba shi maki daga 0 zuwa 10, a ninka gwargwadon wuyarsa. Don haka gwanaye suka koyi taɓa makunni tsit-tsit-tsit da babban yatsa, da sauri, har ƙananan fizge-fizgen su haɗu su zama lanƙwasa guda a idon mai kallo. A ganina waɗannan mutane ba a ba su haƙƙinsu ba. Ana yawan ambaton zamaninsu kamar share fage, alhali sun yi da yatsa abin da na'ura ta zo ta sauƙaƙa wa na bayansu.

A wannan hali aka yi gasar duniya ta farko a 1960, ƙarƙashin hukumar wasannin sama ta duniya FAI, a filin jirgin Dübendorf kusa da Zurich a Suwizalan. Ed Kazmirski na Amurka ya ɗauki kofi da jirginsa Orion, kuma da harsunan ƙarfe ya yi. Kamfanin Top Flite ya riƙa sayar da Orion a kwali, yankakken itace da zane, kowa ya haɗa nasa a gida, haka ma Taurus, jirgin Kazmirski da ya biyo baya. A 1962 aka koma Kenley a Ingila, inda Tom Brett na Amurka da Harry Brooks na masu masaukin baƙi suka yi kankankan, sai da aka sake tashi tsakaninsu kafin Brett ya yi nasara. Ralph Brooke, likitan haƙori, ya ci a Beljiyam a 1963, ya maimaita a Suwidin a 1965.

Cikin waɗannan shekaru ne rediyo mai bin hannu ya kankama: ka tura sanda kaɗan, jela ta motsa kaɗan, ka tura da yawa, ta motsa da yawa. Doug Spreng da Don Mathes na cikin waɗanda suka aza harsashin tsarin. Na farko-farko suna da tsada, ba su kuma cika amana ba, shi ya sa wasu tsofaffin hannu suka daɗe riƙe da makunnansu. Phil Kraft ya kashe gardamar a 1967 a tsibirin Kosika, ya zama zakaran duniya da jirginsa Kwik-Fli da rediyon da kamfaninsa ke ƙerawa. Talla ta fi wannan?

Abin ban dariya, da na'urar ta wadata, kowa na iya saye, sai kofin ya bar Amurka. Bruno Giezendanner na Suwizalan ya ci a 1969, ya kuma bi Amurkawa har gida ya sake ci a Doylestown a 1971. Tsugutaka Yoshioka na Japan ya karɓa a 1973, sai Wolfgang Matt na 'yar ƙasar Liechtenstein a 1975, sannan Hanno Prettner na Ostiriya a 1977, wanda ya ci kofin har sau 7. A 1979 gasar ta zo Afirka, aka yi ta a Johannesburg, Matt ya sake ɗauka.