Ɗan kare mai gashi ba 'yar tsana ba ne

Kwanakin baya wata baiwar Allah ta shigo mana asibitin dabbobi rungume da ɗan karenta cikin tawul, fari tas kamar auduga. Kwana uku ke nan, in ji ta, ko abinci ba ya shinshinawa. Na cusa yatsu cikin gashin bayan kunnensa, sai ga kaska jere, sun sha jini sun yi ɓul-ɓul. Na ɗaga leɓensa, dasashin ya yi fari fat. Ta rantse kullum yana gabanta, ba ta taɓa ganin ko ɗaya ba. Ban musa mata ba. Fatar irin wannan kare ido ba ya kai mata, sai hannu.

Ƙananan karnukan nan, su Lhasa da Pomeranian da wanda 'yan kasuwa ke kira Eskimo, sun fara yawa a gidajen Abuja da Kaduna da Jos. Hukuncin ajiye kare a gida na malamai ne, ban shiga ba. Nawa shi ne in har an ajiye, kada dabba ta wahala, kada kuma ta jawo wa gida ciwo.

A tuna daga inda suka fito. Lhasa ɗan tsaunukan Tibet ne, Pomeranian kuwa sunan wani yanki ya ci da ke tsakanin Jamus da Folan. Rigar sanyi Allah ya yi musu, mu kuma muka kawo su ƙasar da bazara ke haura digiri 40. Kare ba ya zufa kamar mutum, da haki yake fitar da zafi. Saboda haka inuwa da ruwan sha kada su yanke, yawo sai da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, kuma kada a kulle shi a mota ko da za a shiga shago a fito ne. Wasu na ganin mafita ita ce a yi masa ƙwal-kwabo. Ga Pomeranian da Eskimo kuskure ne: rana za ta ƙona fatar, gashin kuma ba lallai ya dawo yadda yake ba. A rage, kada a aske.

Taza ita ce babban aiki, kuma a nan yawancin masu su ke gajiya. Kullum, ko aƙalla bayan kwana biyu, a sa mataji ya kai har fata, musamman bayan kunne da hammata da tsakanin yatsu. Gashin da ya dunƙule yana riƙe danshi, ƙarƙashinsa gyambo ke tsirowa. Da damina a lura da ƙurji mai ɗan rami a tsakiya, tsutsar ƙuda ce da ke kama karen da ke kwanciya a jiƙaƙƙen yashi. In an ga kaska ko ƙuma, don Allah kada a yi masa wanka da fiya-fiya ko maganin feshin gona. Pomeranian duka-duka kilo 2 zuwa 3 ne, abin da zai kashe kaskar zai haɗa da shi. Haka kuma kada a ba shi farasitamol da sauran magungunan ciwon jiki na mutane, da cakulan, da inabi, da sauran miyar da ta sha albasa da tafarnuwa.

Sai maganar da ta fi damuna. Mutane na raina cizonsa saboda ƙanƙantarsa, yara na sumbatarsa, ana cewa ai ɗan gida ne. Ciwon haukan kare bai san ɗan gida ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Alhali rigakafin na nan, har cibiyar binciken dabbobi ta Vom, a jihar Filato, ma na yin sa. Ana yi wa kwikwiyo yana da wata 3, a sabunta duk shekara. Idan ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti a ranar, ba sai an jira a ga yadda karen zai yi ba.

Mai shirin saye kuma, kada ya karɓi kwikwiyon da bai kai sati 8 ba. Ya nemi katin allura, domin ta farko, wadda ke kare shi daga zawon jinin nan mai kashe ƙananan karnuka, tun yana sati 6 zuwa 8 ake fara ta. Ya duba katin da kyau: kwanan wata, da sitikar kwalbar maganin, da sa hannun likita. In mai sayarwa ya ce ya yi allurar da kansa amma katin ya ɓata, a kawo mana shi mu fara daga farko.