Wadda aka yi safararta ta dawo, me doka ta tanadar mata?

Sau da yawa in yarinya ta dawo daga Libiya ko Saudiyya bayan ejan ya yaudare ta da aikatau, abin da ake fara cewa a unguwa shi ne "ai da ƙafarta ta tafi", ita kuma sai ta ɓuya a ɗaki don tsoron kar a kama ta saboda fasfon bogin da aka yi mata. To dokar hana safarar mutane ta Najeriya, wadda aka fara yi a 2003 aka sake fasalinta a 2015, ba haka take kallon lamarin ba. Dokar ce ta kafa NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane ta ƙasa, kuma a wurinta wannan yarinyar wadda aka zalunta ce.

Batun yarda tukuna. In dai an yi amfani da yaudara ko barazana ko tilas, ko an ci da gumin talaucin mutum, to cewar da ta yi "na yarda" ba ta wanke dillalin ba ko kaɗan. In kuma ba ta kai shekara 18 ba, ba ma sai an nemo hujjar yaudara ba.

Sashe na 62 ya ce in yanayi ya nuna haka, ba za a tsare ko a gurfanar da wanda aka yi safararsa kan laifin da ya samo asali daga safarar ba, har da rashin takardun tafiya ko amfani da na jabu. Wannan fa shi ne makamin da dillalai suka fi riƙewa, "kika yi magana ke za a fara ɗaurewa", kuma ƙarya ce.

Sashe na 61 kuma ya ɗora wa NAPTIP alhakin kula da lafiyarta, da ɓoye sunanta, da kare ta ita da danginta daga barazanar waɗanda suka kai ta, kuma wajen bincike ba a yarda a yi ta tone-tonen rayuwarta ta baya ba gaira ba dalili. 'Yar wata ƙasa ce, misali daga Nijar aka shigo da ita Kano? Tana da damar a haɗa ta da ofishin jakadancin ƙasarta, ta koma gida lafiya in tana so. Akwai gidajen kulawa na wucin gadi, galibi kamar mako shida ake yi, ana ba da magani da shawara da koyon sana'a. Gaskiya dai gidajen nan ba su tsira daga suka ba, a 2019 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta koka kan yadda ake kulle mutane ciki ba shiga ba fita.

Sai kuɗi, inda ni nake ganin iyaye suka fi tafka asara. Sashe na 65 ya ba ta haƙƙin diyya kan asarar dukiya da cutar jiki da ta ƙwaƙwalwa, ana biya daga kadarorin da aka ƙwace hannun wanda kotu ta samu da laifi, kuma tana iya shigar da ƙarar neman diyya da kanta, ga kuma asusun tallafa wa waɗanda abin ya shafa da dokar ta kafa. Amma ka lura, diyyar da ake biya daga kadarorin dillali sai an kai ga hukunci tukuna, shi ya sa in dillaliyar 'yar uwa ce ko maƙwabciya aka taru a zaure aka ce a rufa asiri a bar wa Allah, an ba uba ɗan abin goro, to yarinyar ce ta tashi a tutar babu, dillaliya kuma gobe ta ɗauki 'yar wani.

NAPTIP na da ofisoshi a Kano da Sakkwato da Maiduguri, lambar kiransu 627, kuma ba sai ita da kanta ba, uwa ko yaya ko maƙwabci ma zai iya kai rahoto.