Ɓoye saƙo daga waya zuwa waya

Ɓoye saƙo daga waya zuwa waya hanya ce ta kulle saƙo da lissafi tun kafin ya bar wayar mai aikawa, yadda babu mai iya buɗe shi sai wayar wanda aka aika wa. Kamfanin layi da mai manhajar ba abin da suke gani sai tarkacen haruffa marasa ma'ana.

Tushensa makulli biyu ne, dabarar da Whitfield Diffie da Martin Hellman suka wallafa a 1976. Kowace waya tana da makullin fili da makullin sirri. Na filin kamar kwaɗo ne da ka rarraba wa mutane a buɗe: kowa na iya datse shi a kan saƙon da zai aiko maka, amma ɗan makullin, wato na sirrin, yana aljihunka.

A da, sojoji da gwamnatoci ne suka fi riƙe wannan fasaha. Da Phil Zimmermann ya saki manhajar kulle saƙo mai suna PGP kyauta a 1991, gwamnatin Amurka ta bincike shi kamar mai fitar da makami waje, sai a 1996 ta janye. Tonon sililin da Edward Snowden ya yi a 2013 kan yadda hukumomin leƙen asirin Amurka ke bibiyar sadarwar jama'a ya ƙara zaburar da kamfanoni, kuma a watan Afrilun 2016 WhatsApp ya kulle dukkan hirarrakinsa da tsarin ɓoye saƙo na manhajar Signal. Telegram kuwa, duk da sunan da ya yi, sai mutum ya buɗe hirar sirri da kansa kafin saƙonsa ya samu wannan kariya. Saƙon tes ba shi da wannan kariya.

Masu cewa "ni ba ni da abin ɓoyewa" sukan manta da abin da ke cikin wayarsu: hoton katin ɗan ƙasa, lambar asusun banki, sakamakon asibiti, maganar aure da ba a kai ga bayyanawa ba. Hukumomin tsaro a nasu ɓangaren suna kukan cewa masu laifi na fakewa da shi. Sai dai ƙofar bayan da aka buɗe wa ɗan sanda, ɓarawo ma zai iya bi ta cikinta.

Kariyar tana kan hanya ne kawai. Kamfani yana iya sanin wa ya yi magana da wa, da kuma yaushe. A 2019 WhatsApp ya kai ƙarar kamfanin NSO na Isra'ila, mai manhajar leƙen asiri ta Pegasus, kan kutse a wayoyi kusan 1,400, inda aka bi ta wayar kanta ba tare da an fasa makulli ba. A Najeriya abin ya fi haka sauƙi: ɗan damfara ya kira, ya ce za a saka ka a taron ƙungiya, ka karanto masa lambobi shida da suka shigo wayarka, shi ke nan ya ƙwace asusunka na WhatsApp ya shiga roƙon kuɗi da sunanka.