"Ai an riga an rubuta": maganar da ke zaunar da mu ranar zaɓe

Ni malamin gona ne, ba ɗan siyasa ba, kuma ba zan ce wa kowa ga wanda zai zaɓa ba. Amma duk fadamar da na shiga, daga Argungu har Suru, kukan ɗaya ne: taki ya yi tsada, man injin ban-ruwa ya gagara, hanyar fito da shinkafa ta lalace. In na ce, "Baba, ka yi zaɓe kuwa?" sai a yi dariya: "Malam, ai an riga an rubuta."

Wannan magana tana ƙona min rai. Motar lasifika ta wuni tana zagaya gari, rediyo ya yi ta shela, amma da yamma mutum ɗaya a teburin mai shayi ya ce an riga an rubuta, shi ke nan ya rushe aikin. Mutum ya fi jin maƙwabcinsa a kan lasifika. Maigida ya kai maganar cikin gida, uwargida da amarya da samarin gidan kowa ya tura katinsa ƙarƙashin katifa.

Haba jama'a! Wa ya rubuta? A nan Kebbi zaɓen gwamna na 18 ga Maris 2023 bai kammalu ba, sai da aka koma wasu rumfuna ranar 15 ga Afrilu kafin a bayyana Nasir Idris. A Zamfara kuwa gwamna mai ci, Bello Matawalle, ya sha kaye a hannun Dauda Lawal. Mai alƙalami a hannu zai rubuta faɗuwarsa da kansa? A zaɓen shugaban ƙasa na shekarar, mutum sama da miliyan 93 ke da rajista, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba.

Wanda rashin tsaro ya kora daga ƙauyensa, ba da shi nake ba, Allah ya kawo sauƙi. Da kai nake, mai rumfa a firamaren bayan gidanka, kana zaune a majalisa kana kashe wa yara gwiwa.

Don Allah ku daina faɗin ta. In an faɗa a gabanku, ku tambaya wa ya rubuta. Ku duba katinku tun yanzu, wanda nasa ya ɓata ya je ofishin INEC na ƙaramar hukuma. Kada ku ba kowa ajiyarsa, ko don taliya ko don atamfa. Ku bar mata su fita da sassafe, kafin rana ta yi zafi.