Wai wa ke duba kasafin kuɗin Nijar yanzu? Tambayoyin da ake ta yi a fada

Kullum aka ɗora shayi a fadarmu ta Zango sai maganar bidije ta taso, kowa da tasa, to ga abin da na sani.

Shin da gaske an zaftare kasafin?

Ƙwarai. A watan Oktoban 2023 gwamnatin soja ta rage na shekarar da kashi 40 cikin ɗari, daga miliyar kusan 3,290 na sefa ya dawo kusan 1,980. Dalili kuwa kowa ya gani da idonsa, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe boda, Najeriya ta yanke mana wuta, Faransa da Tarayyar Turai suka tsayar da taimako, alhali wani babban kaso na kasafin daga waje ake jiransa. In tukunya ta ragu dole a rage hannu, wannan ba na ja.

To dapitoci ba su ce komai ba?

Waɗanne dapitoci? An rushe majalisar dokoki mai kujeru 171 tun lokacin juyin, yanzu kasafi da ordonas yake fitowa, shugaban ƙasa ya sa hannu shi ke nan. An kafa majalisar shawara ta CCR a 2025 amma naɗa membobinta aka yi, kuma sunanta ya faɗi aikinta, shawara take bayarwa.

Me ake gardama a kai ke nan?

Nan ne wurin. Masu goyon baya na cewa ƙasa na cikin yaƙi, ba za ka tsaya a bainar jama'a kana lissafa bindigogin da ka sayo ba, maƙiyi na sauraro. Masu suka kuma suna nuni da ordonas ɗin Fabrairun 2024 da ta cire sayayyar tsaro daga dokokin ba da kwangila, suna cewa in an ce malamin lakwal da mai jinya su ɗaure ciki, kuma ana cirar kuɗin asusun FSSP na haɗa hannu don kare ƙasa har a kiredin waya, ai ya kamata a nuna musu inda kowace dala ta shiga. Ni dai nan na fi karkata, wanda ya ba da kuɗinsa yana da bakin tambaya.

Da can da akwai majalisa an ga gaskiya?

Hmm, kar mu yaudari kanmu. Badaƙalar ma'aikatar tsaro ta miliyar 76 da bincike ya fallasa a 2020, dapitoci na nan zaune a Yamai suna karɓar albashi aka yi ta. Bambancin kawai, lokacin ɗan adawa na iya miƙewa ya tsare minista da tambaya, rediyo ta ɗauka, mu ji a nan Damagaram.

COLDEFF, hukumar yaƙi da masu cin dukiyar ƙasa, fa?

Aikinta bin kuɗin da aka riga aka ci. Wanda za a kashe baɗi ba ita ke tantance shi ba.