Likitan da ya gano jinin mutane ba iri ɗaya ba ne

Jama'a duk wanda aka taɓa cewa ya nemo jini don matarsa ko ƙanwarsa tana ɗakin haihuwa ya san ba a ɗaura leda haka kawai, sai an kai lab an gwada an ga ya dace. To wannan gwajin asalinsa aikin wani likita ne ɗan ƙasar Ostiriya, Karl Landsteiner, an haife shi 14 ga Yuni 1868, shi ya sa ma ranar ce duk shekara ake tunawa da masu ba da gudummawar jini a duniya.

Kafin shi ƙarin jini kasada ce zalla, a yi wa wannan ya tashi, a yi wa wancan jikinsa ya ɗau rawa fitsari ya yi baƙi ya rasu, ba wanda ya san dalili. Shi kuma sai ya ɗebi jininsa da na abokan aikinsa a Biyana, babban birnin Ostiriya, ya ware ruwan jinin daban jajayen ƙwayoyin daban, yana haɗa na wane da na wane, wani haɗin ya zauna lafiya wani kuma ya dunƙule ya yi gudaji. A 1901 ya fitar da rukuni uku, A da B da wanda yanzu muke ce wa O, shekara na zagayowa abokan aikinsa suka gano AB. An ba shi kyautar Nobel a 1930, lokacin ya riga ya koma Amurka, kuma bai daina aiki ba har 1943 da ciwon zuciya ya kama shi a ɗakin bincikensa.

Amma abin da ya sa na kawo tarihinsa shi ne Rh, wanda shi da Alexander Wiener suka bayyana a 1940, wato fozitif da negetif ɗin nan da kuke gani a takarda. Mata don Allah ku saurara. In uwa negetif ce miji fozitif, jariri zai iya ɗauko na babansa. Cikin fari yawanci lafiya lau ake sauka, amma wajen haihuwa ko ɓari jinin yaron yakan shiga jikin uwa, jikinta ya haɗa abin yaƙi da shi, sai ciki na gaba ya zo a rinƙa farfasa jinin jariri tun yana ciki. A haife shi da shawara mai tsanani ko a kumbure, ko ya zo babu rai. A gida kuma a ce ai wabi take yi, ko iska ce, baiwar Allah ta sha magana a wajen dangin miji. Wallahi wannan yana ci mini rai, don akwai rigakafi.

Allura ce, anti-D, ana yi wa uwa cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari, wasu asibitocin har a mako na 28 na ciki. In aka bari jikinta ya riga ya haɗa abin yaƙin nan allurar ba ta da sauran amfani, sai dai sa ido sosai a babban asibiti.

Kuma gwajin sikila da ake yi kafin aure, AA da AS da SS, daban yake da wannan, mutane da yawa suna haɗa su. Ran da kika je awo ki tambayi ma'aikaciya rukunin jininki, ta rubuta miki a kati, in negetif ne Maigida ma a gwada shi, a tanadi kuɗin allurar tun kafin watan haihuwa ya kama don tana da ɗan tsada.