Rahoton Shekara Goma na Binciken Duniyoyi a Amurka

Rahoton shekara goma takarda ce da masana kimiyya na Amurka ke rubutawa domin ba NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasar, shawara kan duniyoyin da ya kamata a tura wa kumbo, da yadda za a kasafta kuɗin. Majalisar masana kimiyya ta ƙasar ce ke shirya shi. Na baya-bayan nan ya fito a Afrilun 2022, ya shafi 2023 zuwa 2032. Shawara ce kawai, domin shugaban ƙasa ke gabatar da kasafi, Majalisar Dokoki kuma ita ke da wuƙa da nama.

Jigon rahoton shi ne daidaito tsakanin rukunoni uku. Akwai ƙananan ayyuka na shirin Discovery, wanda aka kafa a 1992, sai matsakaita na New Frontiers, irin su Juno da New Horizons. Waɗannan ta hanyar gasa ake zaɓarsu, kuma ana ƙayyade musu kuɗi tun daga farko. Na uku su ne manya, kamar Europa Clipper da aka harba a Oktoban 2024, wanda ya ci kimanin dala biliyan 5.

Manyan ne ke kawo cikas. Idan kuɗin babba ya zarce ƙiyasi, daga rabon ƙanana ake cike giɓin, alhali a ƙananan ne matasan masana ke koyon aiki. Shi ya sa rahoton 2022, duk da ya sa aikin ɗauko duwatsun Mars zuwa Duniya a gaba, ya gindaya sharaɗi: idan kuɗinsa ya haura kashi 35 cikin 100 na kasafin sashen binciken duniyoyi na NASA a shekara, NASA ta nemi ƙarin kuɗi maimakon taɓa na sauran. Hangen ya yi daidai. A Satumban 2023 wani kwamiti mai zaman kansa ya ƙiyasta aikin zai ci dala biliyan 8 zuwa 11, kuma a Fabrairun 2024 JPL, cibiyar NASA da ke ƙera kumbo, ta sallami ma'aikata kimanin 530 saboda rashin tabbas kan kasafi.

Sabon babban aikin da rahoton ya fi fifitawa shi ne kumbon da zai kewaya Uranus. Uranus ta daɗe tana jira: kumbo ɗaya tak ya taɓa kusantarta, wato Voyager 2, a Janairun 1986.